Tocilar Talaka: Tsakanin Gwajin Kasuwa da Jarrabawar Dare

  

Ya ɗan'uwa mai karatu, zancenmu na yau a kan wani ɗan ƙaramin abu ne wanda da wuya ka shiga gida a ƙasar Gwaram ka rasa shi, ko a Gwaram Tsohuwa ne, ko Sabuwar Gwaram, ko Sara, ko Basirka, ko rugagen da ke tsakaninsu. Wannan abu kuwa shi ne tocila. Ba ina nufin manyan nan masu tsada da jami'an tsaro ke riƙewa ba. Ina nufin 'yar ƙaramar nan ta roba mai farin haske, wadda ake bajewa a kan buhu ranar kasuwa tare da madubai da kwaɗuna da batura, wadda kuɗinta bai wuce na kwanon shinkafa ɗaya ko biyu ba. Ita ce ke raka ladan masallaci kafin ketowar alfijir, ita ce a teburin mai shayi da mai tireda, ita ce uwa ke lalubawa a ƙarƙashin matashi idan yaro ya farka da zazzaɓi cikin dare.

Wataƙila wani ya ce, me ya kai tocila cikin abubuwan da za a zauna a yi tunani a kansu? Dalilina shi ne, na daɗe ina lura da cewa ita tocila da rana ake sayenta, amma da dare ake aiki da ita. Mai saye yana gwada ta na 'yan daƙiƙoƙi a tsakiyar kasuwa, alhali jarrabawarta ta gaskiya sai dare ya raba, a kan hanyar da babu kowa. Tsakanin waɗannan lokuta biyu akwai tazara, kuma a cikin wannan tazarar ne amana ke zaune, a cikinta ne kuma algus ke samun maɓoya.

Daga aci-balbal zuwa farin haske

Kafin mu zargi tocilar yau, ya kamata mu tuna inda muka fito, domin wanda ya manta duhun jiya ba zai gode wa hasken yau ba. Waɗanda suka ɗan manyanta a cikinmu sun san aci-balbal, wato gwangwanin nan mai lagwani da kananzir, wadda idan ka yi karatun dare a gabanta za ka wayi gari da baƙi a cikin hanci. Sun san fitilar ƙwai, wadda sai gidan masu hali, da wahalar wanke ƙwanta kowace yamma. Sun san wutar kara da almajirai ke kewayewa da alluna, wanda ke kusa zafi ya dame shi, wanda ke nesa ba ya ganin wasali. Tocila ma akwai ta tun a wancan lokaci, domin tun a shekarar 1899 aka yi rajistar ƙirƙirarta a Amurka da sunan wani mai suna David Misell. Amma wadda muka tashi muka gani ta ƙarfe ce, mai cin manyan batura biyu ko uku, haskenta ja-ja, ga shan batir kamar raƙumi da ruwa. Shi ya sa a da ba a kunna ta a bar ta. Sai dai a ƙyalla a kashe, a yi taku goma a sake ƙyallawa. Idan batir ya yi sanyi kuwa, a shanya shi a rana ko a bubbuga shi da dutse, ko Allah zai sa ya ƙara kwana ɗaya.

Dalilin wannan shan batir yana cikin ƙwan. Tsohon ƙwai wani siririn zare ne na ƙarfe a cikinsa, wanda lantarki ke gasawa har ya yi jawur ya ba da haske. Fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙarfin da ya sha a zafi yake tafiya. Shi kuwa ƙwan zamani, wanda ake kira LED, ba shi da zare. Wani ɗan guntun sinadari ne wanda bai kai ƙwayar gero ba, da zarar lantarki ya ratsa shi sai ya fitar da haske kai tsaye. A shekarar 1962 wani Ba'amurke, Nick Holonyak, ya samar da mai jan haske. Amma mai shuɗin haske, wanda shi ne mabuɗin samun fari, ya gagari masana kusan shekara talatin, har sai da wasu mutanen Japan uku suka shawo kansa: Isamu Akasaki da Hiroshi Amano a Jami'ar Nagoya, da Shuji Nakamura a kamfanin Nichia, wanda ya fito da mai ƙarfinsa a 1993. Da aka lulluɓe shuɗin da wata rawayar hoda sai ga farin haske, aka fara sayar da shi a 1996. A shekarar 2014 aka ba su ukun lambar yabo ta Nobel, kuma cikin dalilan da aka ambata har da amfanin da wannan haske zai yi wa mutane fiye da biliyan ɗaya da rabi da ba su da wutar lantarki. Mu muna cikin waɗanda ake nufi.

Masana suna auna yawan haske da wani ma'auni da suke kira lumen, suna auna ƙarfin da fitila ke sha da wat. Tsohon ƙwai yakan ba da lumen 10 zuwa 15 a kan kowane wat. Ƙwan zamani mai kyau yakan haura lumen 100. Wannan ninki ne ya canza daren ƙauyukanmu. A shekarun 2000 muka fara ganin matasa suna haɗa fitilu da hannunsu, su jera ƙananan ƙwayaye a kan tsohon faifan bidiyo mai sheƙi, su ɗaure a kan akwatin katako mai batura. A 2003 kamfanin Nokia ya fito da wayar nan samfurin 1100 mai 'yar tocila a kanta, ta zama abin marmari. Da aka janye tallafin kananzir a 2016, kuma litarsa ta haura naira 1,000 a 2022, sai aci-balbal ta yi sallama da yawancin gidaje. Wannan ni'ima ce babba, kuma duk abin da zan faɗa a gaba ba zai shafe ta ba.

Abin da na gani a tawa

Tocilar da nake aiki da ita a wata kasuwar mako ta yankinmu na saye ta. Baƙa ce mai ratsin ja, tsawonta bai wuce tafin hannu ba, tana da ƙwai ɗaya a gaba da wani siririn layin haske a gefe, ana cajinta da irin wayar cajin salula. Sunan da ke jikinta ba na wani kamfani ne da aka sani ba, kuma babu adireshi. Na yi damina da kaka da hunturu da ita, don haka ina ganin zan iya ba da shaida a kanta.

Alherinta na farko shi ne rashin nauyi. Tana shiga aljihun gaban riga ba tare da ta ja shi ƙasa ba. Na biyu, ba ta cin kuɗin batir: duk lokacin da aka samu wuta, ko aka kai waya wurin mai caji, sai a haɗa da ita. Na uku, tana da juriyar faɗuwa fiye da ta da, domin babu zaren da zai tsinke. Ta suɓuce mini a kan siminti fiye da sau ɗaya, ta tashi ba abin da ya same ta sai ƙujewa. Na huɗu, wanda ya fi duka, shi ne layin hasken nan na gefe. Idan ka jingina ta da bango ka kunna shi, ya isa mutum biyu su yi karatu a tabarma ɗaya, ba hayaƙi, ba wari, ba fargabar gobara idan barci ya kwashe mutum.

Rauninta kuwa ba ya bayyana a ranar farko. Idan ta cika da caji aka kunna babban haskenta, za ka rantse fitilar babur ce. Amma ba ta kai awa ɗaya a haka. Hasken yana sauka a hankali, a hankali, yadda ido ba ya ankara, sai dai ka ga abin da kake hangowa ɗazu yanzu ba ka ganinsa. Daga nan sai ta shiga wani dogon zango na dishi-dishi, wanda ba a ce ta mutu ba, ba a kuma ce tana da rai ba. Idan kuwa da ƙaramin haskenta ka fara, to takan kai ka daga bayan isha'i zuwa asuba ba ta gaza ba. Makunninta shi ne ya fara tsufa: bayan 'yan watanni sai an danna sau biyu ko uku kafin ta amsa. Akwai kuma wani haske na ƙifta-ƙifta da aka cusa mata tsakanin kunnawa da kashewa, wanda ban taɓa samun ranar amfaninsa ba, sai dai ya tayar da karnukan unguwa. Ramin cajinta a buɗe yake, ba marufi, don haka yayyafi kaɗan ya isa ya shige ta.

Da a ce an tambaye ni ko ta ci kuɗinta, da na ce ta ci, har da riba. Matsalar ba a aikinta take ba. Matsalar tana cikin alkawarin da aka rubuta a jikinta.

Abin da aka rubuta, da abin da ke ciki

A jikin kwalinta an buga da manyan baƙaƙe cewa ƙarfinta wat 1,000 ne. Lokacin da makunnin ya fara gardama na kai ta wurin wani matashi mai gyaran rediyo da wayoyi a bakin titi. Da ya kwance ta sai ya yi murmushi, ya miƙo mini batirin ya ce, "Malam, ɗan ɗaga wannan ka ji." Na ɗaga na ji shi sakayau. Ya ɗauko wani mai girma ɗaya da shi, wanda ya ciro daga tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka, ya ɗora mini a ɗaya hannun. Bambancin nauyin ba ya buƙatar sikeli. Ya ce, "To ka gani, Malam. Mai nauyin nan bai yi alkawarin komai ba, mara nauyin shi ne mai cika baki."

Bari mu ɗan yi lissafi, domin lissafi ba ya son kai. Irin wannan batir na litiyam ana kiransa 18650, saboda kaurinsa milimita 18 ne, tsawonsa 65. Ana rubuta yawan abin da yake ɗauka da wasu haruffa, mAh. Mafi ingancinsa da manyan kamfanonin duniya ke yi yana tsayawa ne a wajejen 3,500, nauyinsa kuma yakan kai kimanin giram 45. Amma a kasuwa za ka ga wanda aka rubuta wa 9,900, adadin da babu masana'antar da ta taɓa cusawa cikin batir mai wannan girma. An sha fasa irinsu a tarar da ɗan ƙaramin batir a ciki, sauran wurin an cike shi da gari. To ko da mun ɗauki na ƙwarai, abin da ke cikinsa bai wuce ya ba da wat 13 na tsawon awa ɗaya ba. Wat 1,000 kuwa ƙarfin dutsen guga ne na lantarki. Da gaske tocilar ke shan haka, da batirin bai kai minti ɗaya ba, kuma da robar ta narke a hannun mai riƙe da ita. Gaskiyar abin da irin waɗannan tociloli ke sha bai wuce wat ɗaya zuwa uku ba. Abin mamaki, wat ɗaya zuwa ukun nan ya wadatar da buƙatar mai tafiya a ƙasa. Ba a buƙatar ƙaryar ko kaɗan.

Shi kuma saukar hasken da na ambata, ga asalinsa. Batirin litiyam idan ya cika yana kan bolt 4.2, yana aiki yana raguwa zuwa wajejen bolt 3. Tocila mai inganci tana da wani ɗan allon lantarki a ciki mai daidaita abin da ke isa ga ƙwan, yadda hasken zai tsaya a mataki ɗaya har batirin ya kusa ƙarewa. Mai arha ba ta da shi. An haɗa ƙwan da batirin kusan kai tsaye, sai ya kwankwaɗi ƙarfi da yawa a farko, ya yi ƙyalli mai burge mai saye, sannan ya bi batirin suna gangarawa tare. Wannan kwankwaɗar ta farko tana kuma dafa ƙwan, domin duk da gabansa ba ya zafi, bayansa yana yi, kuma yana buƙatar ƙarfen alminiyam da zai janye zafin. Inda aka sa roba a madadin ƙarfe, ƙwan da aka ce zai yi dubban awoyi sai ya dusashe cikin watanni.

Wasu ƙasashe sun yi ƙoƙarin sa wa wannan harka linzami. A 2009 masu ƙera tociloli a Amurka suka amince da ƙa'ida guda ta awo, mai suna FL1, wadda a cikinta ake ƙirga tsawon aikin tocila daga kunnawa zuwa lokacin da haskenta ya sauka zuwa kashi 10 cikin 100. Ka ga ke nan ko mai gaskiyar ma idan ya rubuta awa takwas, ba yana nufin awa takwas na cikakken haske ba. A 2007 Bankin Duniya ya ƙaddamar da wani shiri na samar da haske a Afirka, wanda ya riƙa gwada fitilun sola a ɗakunan bincike, kuma cikin manyan sharuɗɗansa akwai cewa abin da aka rubuta a kwali ya zo daidai da abin da ke ciki. A nan gida muna da hukumar kula da ingancin kayayyaki, wato SON. Amma babu hukumar da za ta iya tsayar da ma'aikaci a kan kowane buhu a kowace kasuwar ƙauye. A can ƙarshen hanya, mai saye da mai sayarwa ne kawai, sai Wanda ke ganinsu.

Inda zancen ya wuce wasa

Mai zama a birni zai iya ɗaukar mutuwar tocila a matsayin ɗan ɓacin rai. A wurinmu ba haka ba ne. Ƙasarmu ƙasar noma ce da duwatsu, daga Birnin Kudu har zuwa Farin Dutse da Fagam, kuma ƙasa ce ta kunama da maciji. Da kaka, idan an tara dammunan gero da dawa a gona, ɓeraye sukan biyo hatsi, macizai kuma su biyo ɓeraye. Mafi haɗari a cikinsu ita ce kububuwa: gajeriya ce, launinta launin ƙasa, da dare take yawo, kuma dafinta hana jini daskarewa yake yi, har wanda ta sara ya riƙa zubar da jini ta dasashi. Maganinta na asibiti ne, yana da tsada, kuma kowace awa da aka ɓata a hanya tana da farashi. Asibitin Kaltungo a Jihar Gombe, wanda ya shahara da wannan aiki, yana karɓar dubban mutane a kowace shekara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa saran maciji na kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a shekara a faɗin duniya, kuma a 2017 ta sanya shi cikin jerin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi. Cikin shawarwarin rigakafin da take bayarwa akwai abu biyu masu sauƙi: takalmi mai rufe ƙafa, da fitila a hannu idan za a yi tafiyar dare.

Wani kawuna manomi ya ba ni labarin daren da yake dawowa daga gadin amfanin gona, shi da ɗansa. Tocilarsa sabuwa ce, ba ta yi sati uku ba, amma tun kafin su rabo da gona ta shiga zangon nan na dishi-dishi. Suna cikin tafiya a 'yar siririyar hanya sai ya ji wani sauti kamar an zuba ruwa a kasko mai zafi. Wanda ya san kububuwa ya san wannan sauti, domin goga jikinta take yi idan ta ji motsi. Ya dafe ƙirjin yaron suka tsaya cak. Da yaron ya kunna fitilar wayarsa, ga ta nan a naɗe, tazarar taku biyu. Ya ce da ni, "Ɗana, Allah ne Ya tsare, kunne ya yi aikin da tocila ta kasa."

A nan ne na fahimci kuskuren da ke cikin yadda ake gwada tocila. Idan an kawo ta gida da magariba, abin da ake fara yi shi ne a haska kan bishiyar kuka ko ƙololuwar rimi, a ce kai, wannan tana dogon zango. Masu ƙerawa sun san haka, shi ya sa suke tattara hasken ya zama ɗan tsukakken dunƙule mai zuwa nesa, su bar kewayensa duhu. Amma maciji ba a kan rimi yake ba, a gaban ƙafa yake. Abin da mai tafiya ke buƙata shi ne haske mai faɗi wanda zai nuna masa taku biyar na gabansa da gefen hanya. Haka nan farin nan mai ratsin shuɗi da ke kashe ido, ya fi kama da ƙarfi a wurin gwaji, amma yana wanke launin abubuwa, ja da ruwan ƙasa su koma toka-toka, abin da ya yi kama da ƙasa ya ƙara ɓacewa a cikinta. Idan hazo ya sauko kuwa, tsukakken haske mai ƙarfi ƙura yake haskawa ya dawo maka a ido.

Arha daban, algus daban

Hausawa sun ce arha ba ta ado, sun kuma ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Gaskiya ne. Babu mai hankalin da zai sayi tocilar kuɗin kwanon shinkafa ya sa ran ya bar wa jikokinsa gado. Talaka kuma ba don rashin sani yake sayen mai arha ba. Ya san cewa uku da zai saya a shekara sun fi guda mai kyau tsada, amma abin da ke aljihunsa a ranar shi ke yanke hukunci. Saboda haka yin kaya mai sauƙin kuɗi domin masu ƙaramin ƙarfi ba laifi ba ne, taimako ne ma. Sai dai ita rariya ba ta ɓoye hujojinta. Laifin yana farawa ne daga ranar da aka liƙe hujojin da takarda aka sayar da ita da sunan ƙwarya.

Kowa ya san labarin da ya zo a Sahihu Muslim, na ranar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da hatsi, ya cusa hannunsa cikin tsibin ya ji danshi a ƙasa, busasshe a sama. Bai hana mutumin sayar da jiƙaƙƙen hatsi ba. Abin da ya yi masa faɗa a kai shi ne ɓoyewar. Akwai kuma sura a Alƙur'ani, Suratul Muɗaffifina, a kan masu tauye mudu. To lumen da wat da lambobin jikin batir su ne mudun wannan zamani. Wanda ya rubuta 9,900 a kan abin da bai kai 1,000 ba, bai da bambanci da wanda ya bubbuge gindin kwanon awo. Littattafan fiƙihun da ake karantawa a zaurukanmu, irin su Risala, sun yi bayanin haramcin ɓoye aibin haja, da haƙƙin mai saye na mayar da ita idan aibin ya bayyana daga baya.

Mun saba ɗora laifin duka a kan Sinawa. Gaskiya ne yawancin tocilolin nan daga can suke, daga lardunan Zhejiang da Guangdong, su sauka a tashoshin ruwan Legas, su biyo ta kasuwar Sabon Gari a Kano, su bi hanyar Wudil su iso Birnin Kudu da Gwaram. Amma ƙasar da ta yi mai mutuwa a wata uku ita ce ta yi mai shekara biyar. Sananne ne a tsakanin 'yan kasuwa cewa masana'anta abin da aka yi oda take yi, a kan farashin da aka tsayar. Sau da yawa wanda ya ce a rage batir a ƙara lamba ɗan ƙasarmu ne, kuma ya san hannun wa kayan za su faɗa. Shi kuma mai buhu a kasuwar ƙauye, ko da bai iya karanta lambobin ba, ya fi kowa sanin wacce ake dawo masa da ita ana ƙorafi.

Na san wani dattijo mai tireda wanda idan ka zo sayen tocila zai ajiye maka biyu ya ce, "Wannan ta 'yan watanni ce, ga kuɗinta. Wannan za ta kai ka baɗi in Allah Ya so, ga nata. Zaɓi daidai aljihunka." Ba ya sayar da fiye da maƙwabtansa a ranar kasuwa ɗaya. Amma shekara da shekaru mutane na tsallake teburi uku su zo nasa, har aike ake yi masa daga ƙauyuka. Ya sayar da mai arhar, bai sayar da amanarsa ba.

Kammalawa

Ga wanda zai saya, ga 'yan shawarwari. Kada ka haska ta a idonka ko a tafin hannu, domin kowace tocila jaruma ce a nan. Haska ta a ƙasa cikin inuwar rumfa, ka dubi faɗin hasken. Ka jinjina ta ka ji nauyin batir, ka danna makunnin sau goma. Ka fifita mai batirin da ake iya cirewa a canza, da mai marufi a ramin caji. Idan lambar da ke kwali ta cika girma, to ta zama dalilin tuhuma, ba dalilin saye ba. Bayan ka saya, ka saba da ƙaramin haskenta. Ido yakan ɗauki minti 20 zuwa 30 kafin ya gama sabawa da duhu, kuma idan ya saba, kaɗan ya ishe shi. Ka ajiye babban hasken don lokacin buƙata. Mai batirin dalma, irin masu ɗan nauyin nan da ake soka wa a bango, kada a bar ta kwana da kwanaki ba caji, domin haka ke kashe ta. Mai litiyam kuma kada a bar ta a rana ko kusa da murhu, idan batirin ya kumbura a rabu da shi.

Idan ta mutu, kada a jefa wa yara su fasa. Abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga dutsen zinariya ta kashe yara kimanin 400, ya isa ya nuna mana abin da dalma ke yi wa jikin yaro, ko ta wace hanya ta shiga. Sannan akwai ladabi: ba a dalle fuskar mutum da haske, balle babba ko matar aure. A haska ƙasa, a yi sallama, murya ta gabatar da mai ita.

Abu na ƙarshe da wannan 'yar roba ta bar ni ina juyawa a rai shi ne, ashe darajar haske ba a ƙarfinsa na farko take ba, a ɗorewarsa take. Malamai sun karantar da mu cewa aikin da ya fi soyuwa a wurin Allah shi ne wanda aka dawwama a kansa, ko da kaɗan ne. Mutane ma haka suke: akwai mai kashe ido a ranar haɗuwa, akwai wanda za ka waiwaya a sulusin dare na ƙarshe ka tarar yana nan yana ci. Allah Ya sanya mu cikin na biyun, Ya sa abin da ke rubuce a goshinmu ya zo daidai da abin da ke cikinmu, Ya tsare manomanmu da matafiyanmu daga sharrin abin da ke cikin duhu, Ya sanya albarka a kasuwancin masu gaskiya.